Littafin Jar Giya a Ɗakin Ɗana

Na sauka Kuala Lumpur wata uku bayan an binne ɗana a can. Ni tela ne a Haɗeja, karatuna na boko ya tsaya a firamare, kuma kafin wannan tafiya ban taɓa hawa jirgin sama ba. Kawunsa ne ya ɗauki nauyin karatunsa na harkar otal, shi ne kuma ya ce in je in ga kabarin, in kwaso kayansa. Zazzaɓi ne irin na sauron can ya yi ajalinsa. Kwana shida ya yi.

Abin da ya fara tarbata iska ce, mai nauyi, mai ɗumi, kamar an buɗe murfin tukunya. Daga filin jirgi na hau jirgin ƙasa zuwa cikin gari. Direban tasin da ya ɗauke ni daga tashar ya yi ta zagayawa da ni, har sai da na ga wani masallaci mai koren rufi sau uku. Na gane abin da yake yi, ban tanka masa ba. Ba sauri nake ba. Wanda na zo gani ba zai bar inda yake ba.

A gidan Malam Sabo na sauka. Bakano ne, malamin jami'a, ya zo yin digirin dokta a wata makaranta da ke Jalan Semarak. Shi ya yi wa yaron wanka, shi ya ja masa salla. Matarsa ta yi mini tuwon shinkafa da miyar kuka, kukar da ta ce tana ɓoyo tun bara don ranar da baƙo zai zo. 'Ya'yansu suka durƙusa suka gaishe ni, na tambaye su makaranta da Hausa, suka amsa da Turanci.

"Baba, ka makan mana," in ji Malam Sabo, sai ya yi dariya ya gyara. "Ka ci abinci nake nufi. Bakinmu duk ya gauraye a ƙasar nan."

Loma uku na iya kaiwa.

Washegari ya kai ni maƙabarta. Ban taɓa ganin maƙabarta mai inuwa haka ba. Itatuwa ne masu fararen furanni, suna zubo da su a kan jar ƙasa ba tare da iska ta kaɗa su ba. Kowane kabari da 'yan duwatsu biyu, wasu an ɗaura musu farin ƙyalle kamar an sa musu hula. Na tsuguna na yi addu'a. Wata tsohuwa 'yar ƙasar da ta zo wa nata mamacin ta dube ni na ɗan lokaci, sannan ta miƙo mini ragowar ruwan da ke gorarta, da furanni a ciki, ta nuna mini da hannu in zuba. Ba al'adarmu ba ce. Na zuba. Ƙasar ta shanye nan take.

Ran nan zuciyata a wanke take. Da a ce daga nan na juya gida, da ba abin da zan rubuta.

Ɗakinsa yana Sri Petaling, hawa na sha huɗu. Mai gidan, wata 'yar China mai furfura, ta hana kowa shiga tun rasuwar. Ta wanke tufafinsa, ta ninke, ta jera a kan gado. Na ga kaftani uku da na ɗinka masa da hannuna, ɗaya ya koɗe a wuya saboda yawan sawa. Na ga dardumarsa da Alƙur'aninsa. Daga taga ana hango jirgin ƙasa yana wucewa a saman itatuwa, ba a jin ƙararsa, kamar a mafarki.

Malam Sabo ya sauka ƙasa neman kwali. Ni kaɗai ne a ɗakin lokacin da na jawo aljihun tebur na ga wani littafi mai baƙin bango. Rubutunsa ne, da Hausa, shafi bayan shafi. A saman shafin farko ya rubuta: Jar giyar Italiya, masu sauƙin kuɗi.

Na zauna a bakin gado na karanta.

"Kiyanti. Tsaminsa matsakaici. Yana kama baki kamar rabin farin goro. A ba mai cin taliya da miyar tumatir. Ba shi da tsada, kuma ba abin kunya ba ne a kai wa babban baƙo."

"Barbera. Zobo ne ba sukari. Ba ya kama harshe sosai. Idan abinci ya yi maiƙo, shi ke wanke baki."

"Nero Dabola, daga Sisili. Dabinon da ya sha rana, da ɗan kanumfari a ƙarshe. Gasasshen nama yake so. Da a nan akwai tsire, da shi za a haɗa su."

"Lambrusko. Yana kumfa. A sa shi ya yi sanyi. Na masu hira ne, ba na masu tunani ba."

Haka ya tafi, sun fi ashirin. Babu kwalba ko ɗaya a ɗakin, na duba har ƙarƙashin gado, Allah ya yafe mini. Amma kalma ɗaya ta tsaya mini a rai. Yana kama baki. Wanda bai kurɓa ba, ina zai san abin da ke kama baki?

Da na ji takun Malam Sabo sai na cusa littafin a aljihun riga ta ciki.

A jirgin ƙasa muna komawa na ce masa, "Malam, yaron nan yana wani aiki ne ban da karatu?"

"Yana ɗan taɓawa da yamma, Baba. Yawancin masu kwas ɗinsu haka suke yi."

"A ina?"

"Wani gidan abinci. Na Turawa. Taliya, fiza, irin waɗannan." Ya juya ya kalli taga. "Yaron kirki ne, Baba. Ba ya fashin Juma'a."

Ban ƙara tambayarsa ba. Na ga ya san wani abu, na ga kuma bai san ƙarshensa ba.

Kwana uku na yi da littafin a ƙirjina. Mahaifiyarsa tana kira, ina ce mata layi ba kyau. Ita ce ta rene shi a kan abin da ya halatta da abin da ya haramta, kuma tun rasuwar ba ta ƙara cin abinci ta ƙoshi ba. Idan na ce mata ɗanta ya mutu yana shan giya, na san ba za ta tashi ba. Idan na ɓoye, zan zauna da ita sauran rayuwarmu da ƙarya a tsakani. Ni kaina, in na ɗaga hannu zan yi masa addu'a, sai in ji kalmomin sun maƙale. Ina roƙa masa gafara, amma ban san wanda nake roƙa wa ba.

Ba na iya zaman gida. Malam Sabo ya koya mini hawa jirgi zuwa Masjid India, nan nake yini. Layin masu yadi ne, shago na bin shago, leshi da siliki da auduga suna rataye har sama. Nakan yi ta tafiya ina shafa su. Kullum bayan azahar sama takan yi baƙi, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, mutane su tsaya a ƙarƙashin rumfuna ba mai ƙorafi, sannan ya ɗauke, titi ya yi ta hayaƙi. Ban taɓa sanin ko barci nake ko farke ba. Agogona na kan lokacin gida, jikina ma haka. Sau biyu na hango wani dogo baƙi a cikin taro, tafiyarsa irin tasa, na bi shi har sai da ya juyo.

Wani Ba'indiye mai shagon yadi ya ga yadda nake murza bakin ƙyalle da yatsa biyu, ya ce, "Tela?" Na ce tela. Ya nuna kansa, ya nuna wani tsohon keken ɗinki a lungu. Ya jawo mini kujera, ya aika aka kawo shayi mai kumfa. Bai tambaye ni komai ba. Da na tashi tafiya ya ce, "Gobe ma boleh," wato gobe ma in zo.

Nan kusa akwai Masjid Jamek, inda koguna biyu suke haɗuwa, ruwansu ja kamar kunun kanwa. Na tsaya a kan gada da littafin a hannu. Da na sake shi, da magana ta ƙare, ba mai sani sai ni da Allah. Abin da ya hana ni, rubutun hannunsa ne. Bai taɓa rubuto mini abin da ya wuce layi uku ba. Wannan shi ne zance mafi tsawo da na taɓa samu daga gare shi, ko da ba ni ya yi wa ba.

A bangon baya na littafin akwai katin gidan abincin. Rana ta huɗu na nuna wa wani direba, na tafi ni kaɗai.

Na zaci zan ga katafaren wuri mai fitilu. Ƙaramin shago ne, tsakanin mai facin taya da wani gidan shayi na Indiyawa Musulmi. Tebur takwas. Wajen ƙarfe uku ne, ba a buɗe ba, kujeru na kife a kan tebura. Wani tsohon Bature mai sanƙo, gajere, yana goge kofuna. Ya ɗago zai ce mini ba a buɗe ba, sai ya tsaya da tsumman a hannu.

"Baban Habibu," in ji shi.

Sunan ya doke ni a ƙirji. Ɗan fari ne. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a wasa da shi a gaban mutane, ba a nuna ana sonsa. Haka mahaifina ya yi mini, haka na yi masa. Shekara ashirin da huɗu ban taɓa furta sunan ba. Ga wani Bature yana faɗinsa kamar yana kiran ɗansa.

Sunansa Mista Renzo. Turancinsa gurgu, nawa ya fi nasa gurguntaka, sai muka fahimci juna. Ya ce kunnuwana ya gani, da yadda na tsaya a bakin ƙofa ina jiran izini. Ya sauke kujera biyu. Ya ce ya je jana'izar, ya tsaya daga nesa don bai san ko ana so ya matso ba.

A bayansa kwalaben giya ne jere a kan katako. Ya ga idona ya kai can, sai ya fara bayani da sauri, irin na mutumin da ya rasa abin faɗa. Ya ce waɗannan ba na attajirai ba ne. Irin wadda mahaifinsa, magini, yake sha da rana da burodi da taliya ce. Ya ce a garinsu ba a shan ta ita kaɗai, abokiyar abinci ce, kamar yadda miya take ga tuwo, in ji Habibu. Mai tsami tana bin tumatir, mai nauyi tana bin nama, in an haɗa su ba daidai ba duka biyun sun lalace. Ya ce mai kuɗi yana sayen suna, talaka yana sayen wadda ta dace da abin da ke cikin kwanonsa.

Na bar shi ya gama. Sannan na fito da littafin na ajiye a gabansa. Na daɗe ina shirya tambayar da Turanci, amma da lokacin ya zo kalma biyu kawai suka fito.

"Ya sha?"

Ya dube ni, ya dubi littafin. Ya tashi ya shiga kicin. Na ji yana motsa tukwane. Ya fito da wani gwangwanin biskit, ya buɗe a gabana.

Goro ne a ciki, fari da ja, sun bushe sun yamutse. Ƙullin zobo. Tsamiya. Kanumfari, citta, busasshen dabino, da ɗan ƙullin daddawa a leda uku. Ƙamshin kasuwar Haɗeja ya tashi a cikin shagon, har na rufe ido.

Ya ce lokacin da yaron ya fara aiki, baƙi sukan tambaye shi yaya wannan take, yaya waccan take, sai ya tsaya shiru. Ma'aikatansa duk Talata kafin a buɗe sukan zauna su ɗanɗana, su tofar a bokiti, don su san abin da suke sayarwa.

"Na ce masa, kurɓa ka tofar, ba sai ka haɗiye ba. Ya ce a'a. Na ce Allahnka ba zai damu da abin da ka tofar ba. Kwana biyu bai yi mini magana ba. Na ce to, ba zan bar ka a gaban baƙi ba, koma wanke kwano. Ya koma. Bayan wata ɗaya ya zo da wannan." Ya ɗauki goro ɗaya. "Ya ce, kullum kana cewa giya tana busar da baki, ban gane ba. Tauna wannan ka gaya mini ko haka ne."

"Ka tauna?"

"Na tauna. Na zaci guba ya ba ni. Amma shi ne. Abin da na shekara ina neman yadda zan faɗa, ga shi a cikin 'yar ƙwaya."

Daga nan suka mayar da shi aiki. Duk Talata, in sauran sun tashi, Mista Renzo zai kurɓi giya, ya kuskure baki da ruwa, sannan ya ɗanɗani abin da yaron ya miƙo masa, ya ce ya fi haka, ko bai kai ba, ko rabinsa. Yaron yana rubutawa. Harshen na tsohon ne, kalmomin na yaron.

Ya ce, "In nuna maka? Ba zan kawo ta kusa da kai ba."

Na ce ya nuna.

Ya koma can ƙarshen teburin ya zuba kaɗan daga wata kwalba. Hasken taga ya ratsa kofin, ja mai duhu, kamar zobon da aka jiƙa tun asuba. Ya kurɓa, ya juya a baki, ya haɗiye. Ya sha ruwa. Ya fasa busasshen goron da ƙyar, ya tauna, fuskarsa ta tattare wuri ɗaya.

"Rabi," in ji shi. "Kiyanti. Duba littafin."

Ban buƙaci dubawa ba. Rabin farin goro.

"Wannan abin naku ba abinci ba ne, horo ne," ya ce yana goge ido. "Shekara biyu yana ba ni. Matata ta ce haƙorana sun koma na akuya. Shi kuma yana tsaye yana dariya, wai mu 'yan Italiya tun kakanninmu muke ƙoƙarin yin zobo, har yau bai yi daɗi ba."

Idon nasa bai daina ruwa ba. Ya ce goron ne. Ban musa masa ba.

Na ce, "Ko sau ɗaya?"

Ya ajiye kofin, ya dube ni.

"A gabana, ko sau ɗaya. Abin da ba a gabana ba, ban sani ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma wanda yake sha a ɓoye ba zai wahalar da tsoho da wannan gwangwani ba. Da ya rubuta abinsa shi kaɗai."

Na daɗe ina kallon gwangwanin. Ban manta abin da malamai suke faɗa game da mai ɗaukar giya da mai zuba ta ba. Ya ɗauka, ya zuba, wannan ba wanda zai goge. Na bar wa Mai shi. Amma na ga inda yaron ya ja layinsa, shi kaɗai, a ƙasar da ba mai ganinsa, ya tsaya a kai har aka mayar da shi wanke kwano. Na ji numfashina ya sauka har ciki, karo na farko tun Sri Petaling.

Mista Renzo ya ce bai taɓa jin abin da ke cikin littafin da yarenmu ba, in karanta masa shafi ɗaya. Ban taɓa tunanin bakina zai karanta bayanin giya ba. Na karanta masa Barbera. Ya saurara da kai a sunkuye kamar ana wa'azi. Sannan ya shiga kicin ya sauko da wani ƙaramin kasko da ke rataye shi kaɗai a ƙusa, ya ce na yaron ne, ba a taɓa sa alade ko giya a cikinsa ba. Ya dafa mini taliya da tumatir da man zaitun, ya ajiye mini ruwan sanyi. Na cinye tas.

Da na fito ruwa ya sauko. Na tsaya a rumfar mai facin taya. A gida hantsi ne. Na kira mahaifiyarsa. Da sunan ƙanwarsa muke kiran juna.

"Maman Zainab."

"Baban Zainab. Yau layin ya gyaru?"

Na ce ta zauna, akwai maganar da zan gaya mata, ta bari in kai ƙarshe kafin ta ce wani abu. Na faɗa mata a hankali, ina zaɓen kalma. Gidan abincin, kwalaben, littafin. Na yi sauri na kai kan gwangwanin don kada zuciyarta ta daɗe a rataye. Na ce mata bai sha ba. Na faɗa sau biyu.

Ba ta yi kuka ba. Na ji tana gyara zama.

"Daddawar ta isa kuwa? Na ce masa za ta yi wari a jirgi."

Ruwa na dukan kwanon rumfar. Na zaci ban ji daidai ba.

"Ke kika aika?"

"Wa zai aika? Duk mai komawa can daga hutu ni ke ba shi ƙulli. Goron da kake cewa yana saurin ƙarewa a gidan nan, ina kake zaton yake zuwa?"

"Kin san aikin da yake yi."

"Tun satin da aka mayar da shi wanke kwano. Ya kira ni yana kuka. Na ce masa aikin bai kwanta mini ba, ya nemi wani. Ya ce yana nema, ya rantse mini giya ba za ta taɓa harshensa ba. Duk Talata yakan kira ya gaya mini abin da tsohon ya ce."

"Ni me ya sa bai gaya mini ba?"

Ta sassauta murya. Ba mace ce mai son ta ɓata wa mutum ba.

"Yakan ce in ba ka waya," in ji ta. "Sai ka ce a gaishe shi."

Mai facin taya ya turo mini wata tsohuwar taya da ƙafa, ya nuna mini in zauna. Na zauna. Motoci na wucewa a cikin ruwan da fitilunsu a kunne, tun rana ba ta faɗi ba.

Na ce, "Me kuma yake gaya miki?"

"Da yawa. Shekara biyu ce fa."

"Ba inda za ni," na ce mata. "Fara daga farko."